Tikitin Kakar Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara: Ku Ƙirga Kwanaki Kafin Ku Ƙirga Dala

  

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasashen sanyi. Za mu hau duwatsun Amurka da Kanada, mu ɗan leƙa Turai. Batun shi ne wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, da kuɗin da magidanci yake biya domin iyalinsa su yi wasan tsawon hunturu guda.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da zafin rana, ina ruwanmu da ƙanƙara? Tambayar tana kan hanya. Amma muna da 'yan uwa a can. Akwai waɗanda suka je karatu suka zauna. Akwai likitoci da malaman jinya, akwai direbobi da injiniyoyi. Da yawa daga cikin 'ya'yansu a can aka haife su. Ranar Litinin yaro zai je makaranta, ya ji abokansa suna labarin dutsen da suka hau ranar Asabar. Ya dawo gida ya ce, "Baba, mu yaushe za mu je?" Kuɗin da uban zai fitar kuwa, daga aljihun da ake aiko wa mutanen gida na cefane zai fito. Don haka maganar ta shafe su, mu ma ta shafe mu.

Magana ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko. Ku ƙirga kwanaki kafin ku ƙirga dala. Farashin da aka rubuta a jikin tikiti ba shi ne zai gaya muku araha ko tsada ba. Yawan kwanakin da iyalinku za su taka dutsen da gaske, shi ne zai gaya muku.

Bari mu fara da bayanin wasan, saboda wanda bai taɓa gani ba. Mutum zai ɗaura wasu dogayen alluna sirara guda biyu a ƙafafunsa. Ya riƙe sanda a kowane hannu. Sai ya gangaro daga saman dutse, yana zamewa a kan dusar ƙanƙara har ƙasa. Gangarowa ba ta buƙatar inji. Hawan ne yake buƙata. Akwai kujeru rataye a jikin wata waya mai kauri, inji yana jan su zuwa sama. Ka zauna, ƙafafunka suna reto, har ta sauke ka a ƙololuwa. Wannan kujera ita ake saya wa tikiti.

Tikitin kuma iri biyu ne. Akwai na yini, wanda za ka biya duk ranar da ka je. Akwai na kaka, wanda za ka biya sau ɗaya, ka yi ta zuwa tun daga wajen Nuwamba har Afrilu.

To, yanzu mu koma baya kaɗan, mu ga yadda farashin ya samo asali.

Da can tikitin kaka na masu hali ne. A 1998 wani ƙaramin filin wasa mai suna Bogus Basin, kusa da birnin Boise a jihar Idaho, ya yi abin da ba a saba ba. Ya sauke tikitin kaka daga dala 500 zuwa dala 199. Masu saye suka ƙaru ninkin ba ninkin. Sauran filaye suka zuba ido, suka ɗauki darasi.

Bayan shekara goma, a 2008, babban kamfanin Vail Resorts na jihar Colorado ya fito da katin da ya kira Epic Pass. Shugaban kamfanin a lokacin, Rob Katz, ya sa shi a kan dala 579. Kafin nan tikitin kaka na dutsen Vail ya haura dala 1,500. Ga shi yanzu kati ɗaya yana buɗe maka duwatsu da yawa. Kamfanin ya ci gaba da sayen filaye. Ya sayi Park City a jihar Utah. Ya sayi Whistler Blackcomb a Kanada. Ya kai har Ostareliya da Siwizalan. Yau filayensa sun haura 40. A 2018 abokin hamayya ya bayyana, wato kamfanin Alterra, da nasa katin mai suna Ikon Pass. Tun daga nan manyan duwatsun Amurka ta Arewa suka rabu gida biyu.

Farashin bai tsaya inda ya fara ba. A kakar 2025 zuwa 2026, cikakken katin Epic na babban mutum ya fara daga dala 1,051. Na Ikon ya fi shi da kusan dala 300. Yaron da ya wuce shekara huɗu amma bai kai 13 ba yana biyan wajen rabin kuɗin babba a katin Epic. Ba zan cika ku da alƙaluma ba. Ku dai riƙe wannan. Uba da uwa da yara ƙanana biyu, kuɗinsu ya haura dala dubu uku. Tikiti kaɗai ke nan, ba a sa takalmi a ƙafa ba tukuna.

Yanzu mun zo inda nake so ku kasa kunne sosai.

Idan ka je sayen katin, lissafin da za a nuna maka mai daɗin ji ne. Za a ce ka dubi tikitin yini. A dutsen Vail, ranar da ake cika, tikitin yini na babban mutum a bakin taga ya haura dala 300. Iyali mai mutum huɗu za su kashe wajen dala dubu a yini guda. Ka ga ke nan kwana uku ko huɗu sun isa ka mayar da kuɗin katin kaka. Lissafin gaskiya ne, babu ƙarya a cikinsa. Amma ku tambayi kanku, wa ya sa tikitin yini a dala 300? Mai sayar da katin kakar ne. Ya ɗaga na yini sama, domin na kaka ya zama kamar kyauta. Ma'aunin da kake auna arahar da shi, mai kayan ne ya ƙera shi.

Me ya sa kamfani yake son ka biya tun da wuri? Saboda sana'arsa a hannun sama take. Shekarar da dusar ƙanƙara ta sauka da yawa, kasuwa ta yi kyau. Shekarar da ta yi ƙaranci, kujeru su yi ta yawo babu kowa. Katin kaka ya raba kamfani da wannan fargaba. Ana fara sayar da shi a watan Maris, wata takwas kafin a buɗe dutse. A lokacin ne ya fi sauƙi. Daga nan farashin zai riƙa hawa mataki-mataki, har a rufe sayarwa a farkon Disamba. Mutum sama da miliyan biyu suke biyan kamfanin Vail ta wannan hanya kowace shekara. Kuɗi ya shiga asusu, ko ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. To, wannan ciniki, birin yana can kan reshe aka karɓi kuɗinsa. Fargabar da kamfani ya sauke daga kansa, a kan magidanci ya ɗora ta. An ga haka a tsakiyar Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe duwatsu kwatsam. Masu kati ba su sami kuɗinsu a hannu ba. Rangwame aka ba su a kan katin shekara mai zuwa. Daga baya aka ƙara wasu sharuɗɗa na mayar da kuɗi, kamar idan mutum ya ji rauni ko ya rasa aikinsa. Amma ƙarancin dusar ƙanƙara ba ya cikinsu.

Ban ce katin cuta ba ne. Ga wanda yake zuwa kullum, rahusa ce babba, irin wadda iyayensa ba su samu ba. Abin da nake cewa shi ne, ba kowane gida katin ya dace da shi ba. Ku ƙirga kwanaki kafin ku ƙirga dala.

To, ta yaya ake ƙirga kwanakin? Mu zauna mu yi tare.

Iyalin da suka biya dala dubu uku, idan sun je sau ashirin, kowane zuwa ya tsaya musu a dala 150. Idan sau biyar kawai suka je, kowane zuwa ya ci dala 600. Kati ɗaya, kuɗi ɗaya, amma gidan farko ya ci riba, na biyu ya tafka asara.

A watan Maris kowa jarumi ne. Maigida zai ce duk ƙarshen mako za mu je. Sai hunturu ya zo da gaskiyarsa. Ranar Asabar akwai Islamiyya. Ga wasu iyalai, ranar Lahadi akwai coci. Uwargida tana aikin dare a asibiti. Yaro ya kamu da mura. An yi suna a gidan ɗan uwa, ba dama a ƙi zuwa. Hutun Disamba ya zo, an sayi tikitin jirgi an tafi ganin gida. Wata ranar kuma sanyi ya yi tsanani, yara da kansu suka ce ba za su fita ba.

Akwai kuma abin da takardun talla ba za su taɓa tuna muku ba. Azumi. A 'yan shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa ne a tsakiyar kakar wasan. A 2025 ya cinye watan Maris. A 2026 ya kama daga tsakiyar Fabrairu. Kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, yana dosar Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta fi kyau. Gaskiya ne yinin hunturu gajere ne, azuminsa ba shi da tsawo. Amma wasan nan yana cin ƙarfi, iskar saman dutse kuma busasshiya ce, tana sa ƙishirwa. Ga sahur, ga tarawihi, ga tuƙin mota a kan titi mai santsi. Gidaje da yawa za su ajiye allunan har bayan Sallah. Ƙarshen mako huɗu ke nan sun fita daga lissafi, alhali an riga an biya kuɗinsu.

Don haka ku ɗauko kalanda ta gaske. Ku soke ranakun da kuka san ba za ku je ba. Abin da ya rage, ku ƙara rage shi, saboda larura ba ta sallama. Wannan adadin shi ne naku.

Daga kwanaki, mu juya ga shekarun yara. A nan ne gida biyu masu yawan mutane ɗaya suke biyan kuɗi daban.

A kakar 2025 zuwa 2026, a cikakken katin Epic, da zarar yaro ya cika shekara 13, an ɗauke shi babba. Kuɗinsa ya zama daidai da na ubansa. Katin Ikon kuwa yana da matakin matasa, daga shekara 13 zuwa 22, mai ɗan sauƙi. Ka ga ke nan a waccan kakar katin da ya fi tsada a ido yana iya matsowa kusa idan gidanka cike yake da samari da 'yan mata. Idan kuma yaranka ƙanana ne, labari ya canza. Ɗan shekara huɗu zuwa ƙasa yana hawa kyauta a yawancin filayen Vail. A jihohi irin su Colorado da Utah da Vermont akwai shirye-shirye na 'yan firamare, inda yaro yake samun kwanaki masu yawa kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Sai dai rajistar tana da wa'adi. Wanda bai tambaya ba, ba za a bi shi gida a gaya masa ba. Iyaye, ku tambayi malaman makaranta, ku tambayi maƙwabta.

Abu na gaba gajere ne, amma yana da zafi. Kowane kamfani yana da ƙaramin kati mai rahusa. Na Vail sunansa Epic Local, na Alterra kuma Ikon Base. Rahusar tana da sharaɗi. A wasu duwatsun akwai ranakun da katin ba ya aiki. Waɗanne ranaku ne? Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun ranar Martin Luther King a Janairu, da hutun ranar shugabanni a Fabrairu. Wato daidai ranakun da yara ba sa makaranta. Gwauro mai aikin da yake iya ɗagawa, wannan bai dame shi ba. Mai yara kuwa, ya karanta ƙananan rubutun nan kafin ya biya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato nisa.

Talla za ta nuna maka taswira cike da ɗigo. Ga dutse a Japan, ga wani a Siwizalan, ga wani a Kanada. Zuciya ta yi fari. Amma mai yara uku, duwatsu nawa zai je a shekara? Mafi yawanci ɗaya ne, wanda ya fi kusa da gida. Sauran ɗigon, ka biya kuɗinsu ne kawai.

Ku dubi mazaunin birnin Denver. Babbar hanyar I-70 ita ce take kai shi manyan duwatsu. Ranar Asabar da asuba zai tashi yara, ya cusa su cikin riguna masu kauri, ya loda kaya. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, cunkoso zai iya mayar da ita uku ko fiye. Ya isa, ya nemi wurin ajiye mota, wani wurin ma sai ya biya. Ya durƙusa a kan ƙanƙara yana ɗaure wa ƙaramin takalmi mai tauri, yatsunsa sun daskare. Ana gamawa yaron ya ce yana jin fitsari. Daga nan a shiga layin kujera. Arahar katin ta tara jama'a, layin ya yi tsawo. A ƙarshen Disamba na 2024, masu sintirin ceto na Park City sun shiga yajin aiki na kusan mako biyu a kan batun albashi. Aka rufe yawancin hanyoyin dutsen ana tsakiyar hutu. Iyalan da suka biya tun watan Maris suka tsaya a layi suna kallon dutse.

Yaron da yake koyo ba ya buƙatar dutse mai suna. Tudu yake buƙata, da malami mai haƙuri, da zuwa a kai a kai. Ƙananan filaye suna nan birjik, a arewa maso gabashin Amurka, da yankin manyan tafkuna, da lardunan Ontario da Quebec. Wasu na iyali ne, wasu na hukumar gari, wasu na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, kamar Bogus Basin ɗin da muka ambata. Da yawa suna kunna fitilu da dare, yaro ya taso daga makaranta ya yi awa biyu ya dawo gida ya ci tuwo. Tikitin kakarsu bai kai na manyan ba. Tun 2019 ma akwai katin da ake kira Indy Pass, wanda yake ba ka kwana biyu a kowane ɗaya daga cikin ƙananan filaye masu zaman kansu. Su kansu manyan kamfanonin suna sayar da katin 'yan kwanaki idan ka saya da wuri. Wanda lissafinsa ya tsaya a kwana huɗu, ya sayi na kwana huɗu.

'Yan uwanmu na Turai, ku taku da ɗan sauƙi. A yawancin duwatsun Faransa da Italiya da Ostiriya, tikitin yini bai kai Yuro 100 ba. Don haka babu wanda ya matsa muku ku sayi na kaka. A yammacin Siwizalan akwai Magic Pass, wanda aka fara a 2017, ya haɗa filaye da dama a farashi mai sauƙi ga wanda ya saya da wuri. Shi ma dai ƙa'idar ba ta canza ba. Kwanaki ne alƙali.

Kafin mu rufe, akwai kuɗin da ba ya cikin kati, kuma shi ne yake karya magidanci. Alluna da takalma. Hular kwano da tabarau. Safar hannu da rigar da ruwa ba ya ratsawa. Kuɗin malami, wanda a manyan filaye yakan kai ɗaruruwan daloli a yini. Man mota, da tayoyin hunturu, da masauki idan an kwana. Ƙafar yaro kuma ba ta jira, takalmin bana ba zai shiga baɗi ba. Don haka kada ku saya wa yaro sabo. Shaguna da yawa suna ba da hayar kaya na kaka guda. A watannin Oktoba da Nuwamba ana buɗe kasuwannin gwanjo na kayan wasan a makarantu da ɗakunan taro. Abinci kuwa, na saman dutse tsada gare shi, samun na halal ma aiki ne. A dafa a gida, a zuba a kula, a haɗa da filas ɗin shayi. Hular kwano ce kaɗai ban yarda a yi mata rowa ba. Kan yaro ya fi kowane lissafi.

Ga hukuncina, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Idan gidanku yana kusa da babban dutse, yaranku sun iya, kuma kalanda ta nuna za ku je sau goma ko fiye, ku sayi babban kati, ku saye shi tun a watan Maris. Idan wannan ce shekararku ta farko, kada ku saya. Ku je ƙaramin tudu. Ku biya na 'yan kwanaki. Ku ga ko yaran suna so da gaske, ko kuwa labarin abokai ne ya ɗebe su. Ba na son yaranmu su zauna a ɗaki wata biyar suna kallon taga, alhali sa'o'insu suna waje suna ƙara lafiya. Ina so su fita, su koya, su ji ƙasar da suke ciki tasu ce. Amma ba na son a ci bashi saboda taswira mai ɗigo.

Don haka, Alhaji da Hajiya, maigida da uwargida, ku zauna tare kafin kowa ya ciro katin banki. Ku sa yaran a cikin shawarar. Ku buɗe kalanda, ku duba azumi, ku duba hutu, ku duba ranar tafiya gida. Ku ƙirga kwanaki kafin ku ƙirga dala. Ku kuma da kuke saurarenmu a gida, idan kuna da ɗa ko ƙani a can, ku isar masa da wannan saƙo idan kun yi waya.

Allah ya tsare mana zuri'a a duk inda suke.